Robar Bakin Hajiya da Haƙorin Makka

Da sunan Allah nake farawa, wanda Yake ba mu numfashi muna barci ba mu san ana ba mu ba.

Sunana Kyari. Baduku ne ni a Ƙofar Wambai, takalma nake yi tun ina saurayi. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma ni a cikin ganuwar nan aka yanke mini cibiya. Boko ban yi ba, sai yaƙi da jahilci da na shiga da girmana. Na rubuta wannan ne saboda masu mai minshari a gida, da kuma masu hannu irin nawa, wanda ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi.

Matata, Hajiya Falmata, ta daɗe tana minshari. Daga turakata nake jiyo shi ta bango, har na mai da shi abin tsokana. Da safe in ta kawo mini koko sai in ce, "Hajiya, injin markaɗenki ya kwana yana aiki, an samu ciniki kuwa?" Sai ta yi dariya ta wuce. Da rana kuma gyangyaɗi take, a kan sallaya, a tsakiyar hira, har a gidan biki. Kullum tana tashi da ciwon kai, ga hawan jini da ba ya jin magani. Ni na ce jiki ne ya yi nauyi, da son barci irin na mata in sun manyanta. Na faɗi haka a gaban 'ya'yanta ba sau ɗaya ba.

Abin da ban sani ba shi ne, bango minsharin kawai yake kawo mini. Abin da ke faruwa tsakanin minshari da minshari ba ya ratso bango. Tana ɗakinta ina nawa, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi, kuma yara duk sun watse.

'Yarmu Yagana ce ta gano. Ta zo wankan jego, tana kwana ɗakin uwarta da jaririnta. Wata safiya ta tare ni a zaure zan fita kasuwa.

"Baba, Umma fa numfashinta yana ɗaukewa."

"Wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Wallahi. Sai ta yi shiru, ƙirjinta yana ja amma ba abin da ke shiga. Har sai na kai hannu zan girgiza ta, sannan ta fizgo shi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Haka take yi har asuba."

Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Yayar Hajiya ta zo da kanta ta ce dannau ne, a yi rubutu a kuma sa wuƙa a ƙarƙashin matashi. Wanzamin unguwarmu ya ce belu ne ya yi tsawo, in aka ba shi dama kafin a gama shan shayi ya cire. Ni wanzamin na fi karkata gare shi, don na san gidansu, na san ubansa. Yagana ta ce ba mai sa aska a maƙogwaron uwarta. Mijinta ya zo da mota, muka tafi babban asibiti.

Wanda bai bi layin asibiti ba ba zai gane ba. Muna idar da asuba muke fita, mu tarar benci ya cika. A yanki kati a nan, a tura ka ɗakin can. Likitan hawan jini ya tura mu wajen likitan maƙogwaro, shi kuma ya ba mu aron wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, da siririyar roba a hanci, ya ce ta kwana da su. Na lura kowace ƙofa aka nuna mana, akwai tagar biya a gefenta. Tun daga nan zuciyata ta fara ce mini waɗannan mutane miƙa mu suke wa juna.

Da muka mayar da na'urar, likitan ya zana mana a takarda. Ya ce in Hajiya ta yi barci, harshe da naman maƙogwaro suna komawa baya su toshe hanyar iska, jiki ya yi ta kokawa, shi ya sa jini ke hawa, shi ya sa barcin ba ya ƙosar da ita. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, bai zauna mini a baki ba. Ya ce magani biyu ne. Akwai injin da ke hura iska a hanci, amma yana son wuta daren duniya. Na ce masa a lungunmu wuta leƙowa take ta koma. Ya ce to sai na biyu, wata roba da ake sawa a baki, likitan haƙori ke yin ta.

Likitar haƙorin mace ce, yarinya, ban ce ta kai Yagana ba. Ta sa Hajiya ta buɗe baki, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfenta. Da ta zo kan haƙorin Makka sai ta tsaya, ta ƙwanƙwasa. Hajiya ta runtse ido.

A nan dole in yi bayanin haƙorin nan. Ni ban taɓa zuwa Hajji ba, har yau Malam ake ce mini. Wata shekara Allah Ya buɗa, na samu aikin takalma mai yawa, sai na biya wa Hajiya kujera. Bayan guzuri na ware wani kuɗi daban na damƙa mata, na ce wannan na haƙori ne, ki sa na gwal na gaske, kada ki sa na yara. Ta dawo da shi yana ƙyalli a sama ta dama. Tun daga lokacin, duk inda ta yi dariya a cikin mata, an san Kyari baduku ya kai matarsa Makka. A bakinta yake, amma ni nake ado da shi.

Likita ta juyo gare ni. "Baba, haƙorin da ke ƙarƙashin gwal ɗin nan ya ci. Robar da za mu yi haƙora take kamawa, shi kuma ba zai ɗauki kamu ba. Gara a cire shi kafin mu ɗauki awo."

Na sha jin labari a kasuwa na yadda zobe da 'yan kunne ke ɓata a asibiti. Na ce, "In an cire, gwal ɗin wa zai riƙe?"

"Naku ne mana, Baba."

Ta amsa da sauri, saurin nan ya ƙara mini zargi. Hajiya ta ɗago daga kujerar ta ce, "Malam, in don gwal ɗin ne, ai..."

"Ba za a cire ba," na katse ta.

Likita ta dube mu, ta ce to za ta yi robar ta kewaye shi iyakar iyawarta, amma duk ranar da ya fara ciwo mu dawo, kada mu jira ranar da aka rubuta mana. Ta cusa wa Hajiya wani abu kamar ƙullu a baki ta ɗauki siffar haƙoran.

Sai da muka yi makonni muna jira, muka je sau biyu aka ce ba ta iso ba. Da ta iso, na karɓa na juya ta a hannuna. Ɓari biyu ce, na sama da na ƙasa, fara tas kamar ƙanƙara, ɗan noti ya haɗa su, da wani makulli siriri kamar allura. Kuɗin da muka biya ya fi ƙarfin abin da nake gani a tafin hannuna. Likita ta ce aikinta shi ne ta jawo haɓa gaba kaɗan, harshe ya biyo, hanya ta buɗe. Ta koya wa Yagana murɗa notin, kaɗan-kaɗan, mako-mako. Kalmar da ta yi ta maimaitawa ita ce "a hankali". Sannan ta ɗaga yatsa.

"Kada a sa ta a ruwan zafi. Kada a kankare ta. In ta matse, ku kawo mini, ni zan gyara."

Na yi murmushi a raina, don na san wannan magana. Ni ma haka nake ce wa mai sayen takalmi: in ya matse ka kada ka kai wa kowa, ni kaɗai na san fatar. Alhali kowane baduku a layinmu zai iya buɗa shi. Ina faɗa ne don ya dawo hannuna. Sai na auna yarinyar nan da mudun da nake awo da shi.

Makon farko wahala ce zalla. Yawu ya yi ta zuba, matashi ya jiƙe, da safe muƙamuƙi ya riƙe har ba ta iya tauna nama sai hantsi. Yayarta ta zo dubiya ta ce an sa wa 'yar'uwarta linzami. A mako na biyu Yagana ta ce shirun nan ya ragu. A na uku ni kaina na gani: Hajiya ta zauna aka yi hira tun daga la'asar har magariba ba ta sunkuyar da kai ba, har ta kama ni da ƙarya a wani labari da na saba bayarwa tana barci. Ban yaba wa likita ba. Na ce rubutun da aka sha ne ya fara aiki.

Yagana ta yi arba'in, ta ƙara 'yan makonni saboda uwarta, sannan ta koma gidanta a Ƙofar Ruwa. Sai ranar Juma'a take zuwa ta murɗa notin ta koma. Ana ƙara murɗawa, roba na ƙara ja, sai haƙorin Makka ya fara magana. Dasashin samansa ya kumbura. Wata safiya na tarar da Hajiya ta dafe kunci, koko ya huce a gabanta.

"Malam, mu koma asibiti."

Na san abin da za a ce in mun koma. Na ce, "Kawo robar in gani."

"Likita fa ta ce..."

"Shekara nawa ina buɗa abin da ya matse mutane? Ita an haife ta ma lokacin?"

Na ɗora ruwa ya tafasa. Na tsoma ɓarin saman har ya yi laushi, na sa ƙotar basilla na tura wajen haƙorin ya buɗe, kamar yadda nake wa takalmi a wajen babban yatsa. Na ga na ƙasa ma yana kama haƙora da ƙarfi, na ce shi ma ya sha ruwan. Na bi gefuna da magagari na gyare su sumul. Na mayar da notin baya kaɗan. Da ta huce Hajiya ta sa, ta shige ba gardama.

"Yaya?"

Ta cire ta ce, "Ba ciwo."

"To kin gani. Ba sai Yagana ta ji ba."

Kwana biyu bayan haka na dawo cin abincin rana na tarar tana ƙailula da robar a baki. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa kunne. Shiru. Na koma kasuwa ina jin daɗi, har na ba maƙwabcin rumfata labari cewa na yi wa asibiti aikinsu kyauta. Na manta shaf cewa shirun ne Yagana ta kawo mini ƙara tun farko. Da na ƙara tsayuwa kaɗan, da na ji fizgar.

Daga baya Hajiya ta gaya mini cewa tun daga ranar, da safe a kan matashi take tsintar robar, ko ta ji ta tana yawo a baki. Ciwon kai ya dawo, ta ɓoye. Ranar Juma'a Yagana ta ce, "Umma, kamar ta yi sako-sako." Hajiya ta ce bakinta ne ya saba. Ina zaune a wajen ina datse farce, ban ɗago ba. Aka bugo waya daga asibiti ana tambayar jiki, ni na amsa, na ce lafiya lau, mun gode.

Hajiya turaren wuta take yi, irin namu na Barebari, amare na zuwa har daga bayan gari. An ba ta aikin wata amarya. Da hantsi ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora tukunyar sukari tana jira ya narke ta zuba itacen da ta jiƙa da turare. Tana kan 'yar kujerarta, muciya a hannu, barci ya ɗauke ta. Ta tafi gaba, gwiwarta ta ture tukunyar. Narkakken sukari ba ruwa ba ne, in ya hau fata manne mata yake. Ya kwanta mata a bayan ƙafar hagu tun daga idon sawu har yatsu. Allah Ya sa fuskarta ba ta faɗa kan garwashin ba, saura kaɗan.

Maƙwabciyarmu ce ta aiko aka kira ni. Na tarar an riga an sa ta a adaidaita. Da aka auna jininta a asibiti, ma'aikaciyar ta sake aunawa, sannan ta kira wata. Aka ba ta gado. Yagana ce ta kwana da ita, da safe ta fito baranda inda nake zaune, robar a hannunta a cikin hankici.

"Baba, da robar a bakinta numfashin yake ɗaukewa, kamar ba a taɓa yin komai ba. Na kira likitar haƙori, tana zuwa."

Likita ta zo da kanta har bakin gadon, wannan ba zan ɓoye mata ba, ba aikinta ba ne hawa bene. Ta karɓi robar, ta kai ta wajen taga, ta juya ta, ta shafa gefen da yatsa. Ta daɗe.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Dukanci."

"Na ga alama. Aikin ya yi tsafta."

Hajiya ta yi maza ta ce, "Likita, ni ce. Faɗa mini ta yi a kofin shayi."

"Mama, shayi ba shi da magagari."

Matar gadon kusa ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Yagana ba ta yi dariya ba, kallona kawai take. Na ce, "Ni ne. Ta ce tana mata ciwo."

Likita ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Takalmi so kake ya saki ƙafa. Ita wannan riƙewa ce aikinta. In ba ta kama haƙora ba, ba abin da za ta ja. Ciwon da Mama ta ji ba robar ba ce, haƙorin ne. Yanzu sai an yi sabuwa, kuma ba zan ɗauki awo a kan wannan haƙorin ba."

Wannan karon ba a tambaye ni ba. Hajiya ce ta ce a cire.

Da ƙafa ta ɗan yi sauƙi aka tura ta a keke zuwa ɗakin haƙori. Ina tsaye a ƙofa, ban yarda na matsa ba. Aka gama, likita ta wanke kwanson gwal ɗin, ta sa a 'yar leda, ta kamo hannuna ta ɗora mini. "Ga amanarka, Baba."

Mai karatu zai zaci a nan na daddara. Ban daddara ba. Akwai lokacin da likita ta juya mini baya a wajen famfo tana wanke gwal ɗin, wannan juyawar ta tsaya mini a rai. Ranar da aka sallami Hajiya, na kai ta gida, na zame na tafi wajen wani maƙerin zinariya da muka yi makarantar allo tare. Ya goga kwanson a dutsensa, ya ɗiga masa ruwan gwaji, ya miƙo mini.

"Kyari, wannan ruwan gwal ne aka shafa wa ƙarfe."

Na dawo gida. Hajiya na kishingiɗe, ƙafa a naɗe a kan matashi. Na ce, "Kin ga abin da nake faɗa tun farko? Ta musanya. Na gasken yana jakarta. Gobe zan koma har wajen shugabansu."

Hajiya ta dube ni, sai ta fara dariya, giɓin ya bayyana, ta dafe kunci don wajen bai warke ba.

"Ba wanda ya musanya, Malam. Shi ne na sa a Makka."

"Na ba ki kuɗin na gaske."

"Ka ba ni. Duba hannunka."

Na duba. Agogon da ta kawo mini tsaraba ne, wanda ban taɓa cirewa ba sai in zan yi alwala, wanda na sha nuna wa mutane ina cewa daga Makka ya zo.

"Da me kake tsammani na saye shi? Na ga kai ka biya, kai ka zauna a gida, na ce ba zan zuba kuɗin nan duka a bakina ba. Ranar farko a gaban likita na buɗe baki zan gaya maka, ka ce ba za a cire ba."

Na zauna a bakin gadon. Can ta ce in miƙo mata ruwa.

Sabuwar robar ta sake cin kuɗi, sai da na sayar da keken ɗinkina na biyu. An sake jira, an sake bin layi, an sake makon yawu da ciwon muƙamuƙi tun daga farko. Har yanzu ina ganin bai kamata a ce sai mutum ya kwana a benci kafin a murɗa masa noti ba, kuma da tun ranar farko wani ya zaunar da ni ya ce mini shirun ya fi minsharin haɗari, da wataƙila ya shiga. Wataƙila kuma bai shiga ba, na san kaina. Likita dai ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Da aka kai inda take so, ta sa aka sake ba mu na'urar yatsa, ta duba ta ce yanzu iska na wucewa. Jinin Hajiya ya sauka. Allah Ya saka wa yarinyar nan da alheri, Ya yi wa Yagana albarka.

Wanda ke da mai minshari a gida, ya shiga ɗakin ya zauna ya saurara, kada ya tsaya a bayan bango. In an ba ku roba ta matse, ku mayar wa wanda ya yi ta. Ni yanzu na dawo da shimfiɗata ɗakin Hajiya, dangi sun yi surutu sun gaji.

Tabon ƙafar bai tafi ba, ba ta iya sa takalmi mai rufi. Na yi mata wani da fatar akuya mai laushi, na kauce wa tabon da maɗaurin. Ta sa ta taka, ta ce wannan gyaran ta yarda da shi.

Makullin robar kuwa a haɓar zanenta yake ƙulle. Ranar Juma'a in Yagana ta zo duba notin, Hajiya takan kwance shi, ta dubi agogon hannuna, ta ce, "Malam, ba ka makara masallaci ba?" Ko da sauran lokaci, sai in ɗauki dardumata in fita.